Albashina ba ya kai ƙarshen wata, ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni matashi ne, wata takwas kenan da na fara aiki. Albashin dai ba laifi, amma wallahi kafin 20 ga wata sai in duba asusu in ga ba ko sisi, kuma in ka tsare ni ba zan iya faɗa maka ina kuɗin suka tafi ba. Akwai bashin wata manhaja ta waya da nake biya, in na biya sai in sake ci. Ga wani abokina kuma yana ta matsa min in zuba kuɗi a wani waje da ake ba da ribar kashi 30 duk wata. Ni harkar kuɗi ban san komai a kai ba, ba a koya mana a makaranta ba. Don Allah ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambaya uku ka haɗa ka cusa a ɗaya: ina kuɗina ke zuwa, ya zan yi da bashin nan, sannan in shiga harkar abokina ko kar in shiga. Ta ƙarshen ita ce mafi sauƙi don haka bari in sallame ta tun yanzu, kar ka shiga, dalili yana nan ƙasa. Sauran biyun kuma suna buƙatar zama.

Na daɗe ina aikin akanta a sashen biyan albashi, kuma abin da wannan kujerar ta koya min shi ne mai ƙaramin albashi da mai babba duk layi ɗaya suke bi su zo neman a ba su wani abu kafin wata ya ƙare. Akwai wanda albashinsa ya ninka naka sau biyar amma ranar 18 yana tsaye a bakin teburina yana sosa ƙeya. To kaga ashe ba kullum ne yawan kuɗin ke magana ba. Kuma kar ka ji kunyar cewa ba ka sani ba, mu ma da muka karanci lissafin kuɗi, na kamfani aka koya mana, na aljihu sai da muka sha wuya tukuna.

Fara ganin kuɗin da idonka

Kafin kasafi, kafin ajiya, kafin komai, sai ka san abin da ke fita. Mutane suna tsallake wannan saboda ba daɗi, kamar hawa sikeli ne ga wanda ya san ya ƙara ƙiba. Ka shiga manhajar bankinka ka sauke bayanan asusu na wata uku da suka wuce, in da hali ka buga a takarda, ka samu biro kala uku ka zauna. Kala ɗaya na abin da dole ne, wato haya, abinci, kuɗin mota zuwa aiki, wuta, magani. Kala na biyu na bashi da duk wani caji da ya biyo shi. Na uku kuma duk sauran. Kuɗin da ka cira a hannu su ne masu ɓata lissafi don banki ba ya nuna inda suka shiga, waɗannan sai ka yi kwana 30 kana rubutawa a waya ko ƙaramin littafi, duk abin da ka saya komai ƙanƙantarsa, a take, ba wai sai dare ka zauna tunowa ba don ba za ka tuna ba.

Akwai wani yaro da muka taɓa yin wannan zaman da shi a ofis bayan an tashi. Ya zo yana rantsuwa cewa haya da hidimar gida ne ke cinye shi. Muka baza takardu uku a tebur yana ja da jan biro, can sai na ga ya yi shiru ya daina magana, ya juya takardar ya sake ƙirgawa da yatsa. Ƙananan transfa ya samu sama da arba'in a wata ɗaya, kowanne in ka kalle shi shi kaɗai ba abin magana ba ne, data ce, ɗan abin taɓawa ne, "turo min wani abu" ne daga abokai, ga wata manhaja da ya yi rajista tun bara ya manta da ita tana zarar nata duk wata shiru. Da muka tara sai suka kusa kai rabin kuɗin hayarsa na wata. Bai ce komai ba sai "kai". Ban yi masa wa'azi ba, takardar ta riga ta yi.

Amma akwai wani rami da ya fi waɗannan ƙananan zurfi, kuma shi ne nake ganin ya fi jefa sabbin ma'aikata cikin bashi: hidimar da ba duk wata take zuwa ba amma tabbas tana zuwa. Hayar shekara, kuɗin makaranta, sabunta takardu, gyaran abin hawa, wayar da ka san batirinta ya kusa mutuwa, tafiyar da ka san za ka yi. Mutum sai ya kira su "abin da ya taso", alhali ba tasowa suka yi ba, tun farkon shekara an san da zuwansu. Maganinsu lissafin firamare ne. Ka rubuta su duka na shekara, ka tara, ka raba gida 12. A ce albashinka 100,000 ne, ko da wane irin kuɗi ake biyanka, kuma waɗannan hidimomin na shekara sun kama 240,000, to 20,000 a duk wata ba naka ba ne, ajiya aka ba ka. Ainihin abin da kake da shi na kashewa 80,000 ne. Duk wanda yake rayuwa kamar yana da dubu ɗari cif, ranar da mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa manhajar bashi zai buɗe, ba makawa.

Ranar da alat ya shigo

Yawancinmu tsarin da muka taso da shi shi ne a kashe, abin da ya rage a ajiye. Ba abin da ke ragewa. Kuɗi in suna zaune a asusun da katinsa ke aljihunka sai sun samu aikin yi. Don haka juya tsarin ake yi, ranar da albashi ya shigo, a ranar, kafin ka sayi ko kati, ka raba shi. Kason hidimar shekara ya tafi wani asusu daban, kason ajiya ya tafi nasa, bashi a biya, abin da ya saura shi ne na wata. Asusun ajiyar nan ya zama wanda ba ka da katinsa, in ma za ka iya ka cire manhajarsa daga wayarka, yadda sai ka ɗan sha wahala kafin ka taɓa. In bankinka yana da tsarin da zai riƙa cire wani adadi da kansa duk wata ya tura, ka saita shi kwana ɗaya bayan ranar albashi. Ba don kai rago ba ne, zuciya ce kowa da irin tasa kuma ba a gwada ƙarfi da ita kullum a ci nasara.

Na wata ɗin ma ina ba da shawara a raba shi gida huɗu, mako mako. Wanda ya ƙarar da kuɗin mako ranar Alhamis zai yi haƙurin kwana uku, wanda ya ƙarar da na wata ranar 20 kuwa kwana goma ne a gabansa, kuma kwana goma ba a yin su sai da bashi.

Za ka ci karo da ƙa'idar 50/30/20 a intanet, wato rabin kuɗi ga buƙatun dole, kashi 30 ga abin sha'awa, kashi 20 ga ajiya da biyan bashi. Elizabeth Warren, wadda daga baya ta zama sanata a Amurka, ita da 'yarta ne suka yaɗa ta a 2005. Ba laifi a matsayin ma'auni, amma ni ban cika ɗora mutane a kanta ba, don akwai wanda haya da abinci kaɗai sun cinye masa kashi 70, in ka ce masa dole 50 sai ya ga abin ba nasa ba ne ya watsar gaba ɗaya. In kashi 5 za ka iya, fara da 5. Da rarrafe yaro kan tashi. Abin da ake nema a watannin farko shi ne hannu ya saba, adadin zai biyo baya. Akwai wata dabara da Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, suka gwada shi da Shlomo Benartzi a kan ma'aikata: maimakon a ce mutum ya rage abin da yake ci yau, sai ya yi alkawari tun yanzu cewa duk ranar da aka yi masa ƙarin albashi wani kaso na ƙarin zai wuce ajiya kai tsaye. Kuɗin da ba ka taɓa riƙewa ba ba ka jin zafin rabuwa da su. Ni kaina haka nake yi, rabin duk wani ƙari ba ya ganin aljihuna.

Sai maganar 'yan'uwa da abokai masu buƙata, wadda littattafan kasafi ba su cika taɓowa ba. Ba zan ce ka daina taimako ba, Allah ya kiyaye. Ka dai yanka masa kasonsa kamar yadda ka yanka na haya. In ya ƙare ya ƙare, sai ka ce "wannan watan na riga na fitar, sai wata mai zuwa", kuma gaskiya ka faɗa. Rance kuma, kar ka ba da abin da in bai dawo ba zai hana ka barci.

Bashin manhajar nan

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, gaskiya ne, amma ba duka bashi ne iri ɗaya ba. Abin da ya kamata ka duba a kowane bashi shi ne nawa zan mayar gaba ɗaya, da kuma nawa kenan a shekara. Masu irin wannan bashin suna son faɗin kuɗin ruwansu a wata ko a mako don ya yi ƙanƙanta a kunne. Kashi 10 a wata ka ji kamar ba komai, amma in kana biya kana sake ci da ruwan a ciki, ko kana barinsa yana hawa, 10,000 za ta zama sama da 31,000 a wata 12. Wato sama da kashi 200 a shekara. Ba halastacciyar sana'ar da za ta riƙa kawo maka irin wannan a kai a kai, don haka duk wanda ke ɗauke da irin wannan bashin, biyansa shi ne jarin da ya fi kowanne riba a gare shi. Ga cajin sarrafawa da suke zarewa tun kafin kuɗin su iso hannunka, ga tarar jinkiri, duk ka haɗa su a lissafin.

Abin da ke faruwa da kai, biya ka sake ci, dalilinsa shi ne in ka biya duka a farkon wata sai ramin ya dawo tsakiyar wata. Mafita ita ce ka riƙa rage girman ramin. In wannan watan 30,000 ka ci, wata mai zuwa kar ka wuce 20,000, na gaba 10,000, sannan sifili, ka goge manhajar. Watanni uku ne masu ɗaci, ba zan ɓoye maka ba. Kuma kar ka kuskura ka ci a wata manhajar don ka biya wata, na ga wanda ya fara da ɗaya ya ƙare da shida, wayarsa ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba. In wurin aikinka suna ba da rance marar ruwa ko akwai ƙungiyar ma'aikata mai sauƙin sharaɗi, ka karɓa ka kashe mai tsadar lokaci ɗaya, da sharaɗin ba za ka koma ba.

In basussukan sun fi ɗaya, hanya biyu ce. Ko ka fara da mai ruwa mafi tsada, wannan ita ce lissafi ya fi so don ita ke rage asara. Ko ka fara da mafi ƙanƙanta ka gama da shi ka ji daɗi ka samu ƙarfin gwiwar na gaba. A matsayina na akanta ta farko zan ce, amma na ga mutane da yawa da ta biyun ce ta fitar da su, don haka ka zaɓi wadda ka san za ka iya kaiwa ƙarshe.

Kuɗin ko-ta-kwana

Wannan daban yake da kuɗin hidimar shekara. Shi na abin da da gaske ba a san da zuwansa ba ne, rashin lafiya, rasa aiki, sata, gobara. Abin da aka saba faɗa shi ne ka tara na buƙatun dole na wata uku zuwa shida. Ga mai farawa wannan adadin yana karya gwiwa, don haka ka sa wa kanka burin farko na rabin wata, sannan wata ɗaya. Ko kana cikin biyan bashi ka ɗan tara wannan kaɗan ɗin, in ba haka ba ciwon haƙori ɗaya zai mayar da kai inda ka fito. A ajiye shi inda za ka iya cira cikin kwana ɗaya, a bankin da ke da lasisi kuma yana ƙarƙashin inshorar ajiya ta ƙasar da kake (tsarin da ke kare masu ajiya in banki ya rushe), ba a hannun jari ba, ba a kirifto ba, ba a hannun aboki ba. Ba a nemansa da riba. Aikinsa kawai ya kasance yana nan ranar da aka neme shi.

Yanzu maganar abokinka

Ɗauki kalkuleta. Kashi 30 duk wata, in ana mayar da ribar ciki, 100,000 za ta zama miliyan 2.3 a shekara ɗaya, miliyan 54 a shekara biyu, sama da biliyan ɗaya a shekara uku. Ka tambayi kanka, wanda ya san hanyar da ke yin wannan, me zai yi da ɗan albashinka? Ai bankuna ne za su yi layi a ƙofarsa. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ake yi shi ne a ɗauki kuɗin waɗanda suka shigo yau a biya waɗanda suka shigo jiya, a kira shi riba, ranar da sabbin shiga suka ragu sai a wayi gari shafin ba ya buɗewa. Tsohuwar dabara ce. Charles Ponzi, wanda ake kiran irin wannan damfarar da sunansa, a Boston ya yi tasa a 1920, yana alkawarin kashi 50 cikin kwana 45, kuma a shekarar ta rushe. Bernard Madoff ma haka ya yi shekaru yana yi har asirinsa ya tonu a Disambar 2008, aka yanke masa shekara 150 a 2009, kuma manyan masu kuɗi da masu ilimi ne ya wanke. Shi bai ma yi alkawarin riba mai hauka ba, abin da ya ja mutane shi ne kusan kullum riba, ba faɗuwa, wanda shi kansa alama ce don kasuwar gaskiya tana hawa tana sauka.

Abokinka mai yiwuwa ba mugu ba ne, ƙila ma an biya shi sau biyu ko uku ya ga alat da idonsa, haka abin yake aiki, na farko ana biyansu don su zama masu talla. In aka ce za a ƙara maka wani abu in ka kawo mutum, ko aka ce yau ne ranar ƙarshe, ko ka tambayi ainihin me ake saya me ake sayarwa aka kasa yi maka bayani a jimla biyu, ka riƙe kuɗinka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan ba yana nufin kuɗi su zauna haka nan har abada ba, don hauhawar farashi tana cinsu a zaune. Akwai wani lissafi mai sauƙi da ake kira ƙa'idar 72, wanda har Luca Pacioli, mutumin Italiya da mu akantoci muke ɗauka kakan sana'armu, ya ambata tun 1494. Ka raba 72 da kason da abu ke ƙaruwa da shi a shekara, zai ba ka kusan shekarun da abu zai ninka. Jarin da ke kawo kashi 8 a shekara zai ninka cikin shekara 9. Haka kuma in farashi yana hawa da kashi 18 a shekara, cikin shekara 4 kuɗin da ka ɓoye rabin abin da suke saya yau za su iya saya. Don haka riba ta gaskiya ita ce abin da ya rage bayan ka cire hauhawar farashi, in an ba ka 10 farashi ya hau da 15, baya ka ci ko da lambar asusunka ta ƙaru.

In ka kashe bashin nan, ka tara na ko-ta-kwana, sai a fara maganar jari, kuma a hankali. Takardun lamuni na gwamnati (ka ranta wa gwamnati ta biya ka da riba), asusun haɗaka da kamfani mai lasisi ke gudanarwa (inda ake haɗa kuɗin mutane da yawa a zuba jari), hannun jari ga kuɗin da ba za ka nema ba sai bayan shekara biyar ko fiye. In kana gudun kuɗin ruwa saboda addini akwai sukuk, wato takardun jari irin na Musulunci, da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa da asusun jari masu bin shari'a a ƙasashe da dama. Duk inda za ka sa, ka shiga shafin hukumar da ke kula da kasuwar jari ta ƙasarka ka duba sunansu da kanka, kar ka yarda da hoton satifiket da aka turo maka a WhatsApp. Kar ka zuba duka a wuri ɗaya. Ka kuma leƙa fanshonka, in ana cire maka ka tabbatar yana shiga, mutane da yawa ba sa dubawa sai sun kusa ritaya.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nan kenan, don ban ga takardunka ba, kuma shawarar wane jari takamaimai sai wanda ya zauna da kai ya ga nauyin da ke kanka. Akwai kuma abin da kasafi ba ya gyarawa. In ka yi zaman biro ukun nan ka tarar kalar dole ita kaɗai ta cinye kashi 95, to ba almubazzaranci ne matsalarka ba, kuɗin ne ba su isa ba, kuma nan magana ta koma ta rage babban abu kamar haya ko nisan wurin aiki, ko neman ƙarin hanyar shiga, ko koyon abin da zai sa a biya ka fiye da haka. Amma yadda ka ce albashin ba laifi kuma ba ka san inda yake zuwa ba, ina kyautata zaton kala ta uku da ta bashin ne za su ba ka mamaki. Ka yi zaman a ƙarshen makon nan, ka turo min jimillar kowace kala da adadin da manhajar ke bin ka da ranar biyansa, sai mu tsara watanni ukun tare.